Yayana ya yanke wa ɗana wa'adi, ni kuwa na yi shiru

Ƙarfe huɗu da rabi na yamma ne, a zauren gidanmu da ke wani ƙauye kusa da Dungas, shekara biyu bayan babban fari. Mu huɗu ne: ni, da yayana wanda shi ne maigida tun rasuwar mahaifinmu, da wanzamin garinmu, da ɗana na fari mai shekara bakwai, kwance a kan tabarma. A lokacin ina aikin awon gyaɗa. Na yi lakwal, wato makarantar boko, shekara shida, kuma ni mutum ne mai son kowane abu a wurinsa, babba a gaba, ƙarami a baya.

A ranar muka dawo daga asibitin Damagaram. Yaron ya daɗe yana tari da jini, idonsa ya yi fari, ƙarfinsa ya ƙare, sai ya warware kamar ba shi ba, sai abin ya dawo. A Magariya an yi masa maganin tarin fuka, bai yi amfani ba. Likitan Damagaram ya duba shi da kyau, aka ƙara masa jini, sannan ya ce mini abu uku. Na farko, jini ne ke tsattsafowa cikin huhunsa, kuma ciwon ba ya yaɗuwa. Na biyu, ba kasafai ake ganinsa ba, wani yaro yana girma da shi, wani yana tafiya a tashi guda. Na uku, duk ranar da idonsa ya yi fari ko numfashinsa ya yi sauri, a kawo shi a ranar. Na matsa masa ya gaya mini ko yaron zai rayu. Ya ce bai sani ba, kuma ba zai yi mini ƙarya ba.

Abin da likita ya ƙi faɗi, yayana ya faɗe shi a zauren nan, yaro yana ji. Ya ce shi ya ga irin wannan, yaron ba zai kai kaka ba, a daina wahalar da shi a mota. Wanzami ya ce haka ne. Ni ban ce komai ba. A wajenmu uba ba ya nuna damuwa da ɗan fari a gaban manya. Abin kunya ne, ɗan na yayanka ne, shi ke da magana.

Kaka ta zo ta wuce, yaron na nan, har ya yi ƙiba yana bin awaki. Sai bakin nan da ya ce zai mutu ya juya, ya ce ai ya warke, likita ne mai son tsorata mutane. Ya riƙa yi mini ba'a a gaban jama'a, wai ɗan lakwal ya fi yarda da farar riga bisa ga ɗan'uwansa. Har yau idan na tuna dariyar nan raina yana tafasa.

Da damina ta faɗi, wata safiya uwar yaron ta nuna mini idonsa, fari fat. Na je na sanar da yayana cikin ladabi. Ya ce ana tsakiyar noma, shanun amalanke suna gona, abin zai wuce kamar na baya. Uwar ta roƙe ni in ɗauke shi ko a kafaɗa. Na ce mata a gidan nan akwai babba. Sai washegari da jinin ya yi yawa aka ba ni amalanke. Mun samu mota a Magariya, amma kafin mu kai Bande yaron ya cika a hannuna.

A wurin zaman makoki yayana ya ce wa masu ta'aziyya dama shi ya faɗa tun farko.

Na yarda rai na Allah ne. Amma mutum biyu sun yi magana a kan ɗana. Wanda ya duba shi ya ce bai sani ba, wanda bai duba ba ya sani har sau uku, kuma shi na bi, don kada a ce ba ni da kunya. Yayana ya rasu, na yi masa addu'a, amma fushina da kaina bai tafi ba.

Mai karatu, ina roƙonka abu ɗaya. Idan yaronka yana tari da jini, ko ɗan farinka ne, ko wa ya ce zai mutu, ko wa ya ce ya warke, kada ka tsaya neman izini. Ka ɗauke shi ka kai shi asibiti a ranar.