Ranar da Na Ambaci Cikina a Gaban Inna

Shekarar da aka ware mana motocin mata a Ƙaura Namoda ina da ciki wata biyar, bayan ɓari biyu. Murna kamar ta kashe ni. Ina tankaɗe ina dariya, ina wanki ina dariya, har maƙwabta suka fara yi mini kallon wadda ta zautu. Amma bakina gum, don a gidanmu mace ba ta ambaton cikinta a gaban uwar miji, ko da ya kai mata haɓa.

Inna, uwar mijina, ita ma gwanar kawaici ce. Ta zo daga Moriki wai ganin gida, ta ƙwace mini daka da jan ruwa, ba ta ce don me ba. Ranar awo kuwa sai ga ta ta riga ni shiga mota.

A asibiti malamar awo ta duba katina ta ce yau akwai allurar rigakafi. Inna ta miƙe zumbur.

"Allura? Malama, ba a tsira ma mai lalura ƙarfe! Sau biyu muna rasawa, wanga karon ba mu wasa."

Malama ta ce allurar ba ta cutar da ɗan ciki, kare shi take yi daga ciwon nan mai sandare jarirai bayan yankan cibiya. Ciwon ne ya ɗauke ɗan yayata washegarin suna. Inna dai ta kafe, Malama ta ce to, mai jikin ta faɗi da bakinta.

Ina zan sa kaina? Na ja mayafi har hanci, na fuskanci bango.

"Inna, ki gafarce ni. Cikin ga ina son shi. A yi min."

Sai matan da ke layin awo suka kwashe da shewa, wata har da guɗa. Ni ma dariya ta kubce mini a cikin mayafi, ga hawaye, ga kunya.

Inna ta riƙe baki. "Yau na ga zamani! Ɗiyar ga, gabana?"

Sai ta matso ta naɗe mini hannun riga da kanta, ta kama damtsena, ta kau da kai.

"Malama, yi a hankali," in ji ta. "Su biyu na."