Shelar da Illa Ya Makara Warwarewa

Duk wanda ya tashi a Matameye ya san muryar Illa kafin ya san fuskarsa. Shekara talatin da wani abu yana shela: ɓatan akuya, zuwan masu rigakafi, ɗaurin aure, rasuwa. Wajen ubansa ya gaji aikin, kuma ko da lasifika ta shigo gari bai yarda da ita ba, wai ita ba ta jin kunya in ta faɗi ƙarya. Gajere ne mai faɗin ƙirji, mai taurin kai na bugawa a jarida, kuma in ya ce abu kaza ne, mutane ba su sake tambaya.

Shekarar da matarsa ta rasu aka auna jininsa aka samu sida, wato ƙanjamau. Ba wanda ya sani sai Sallau, amininsa mai noman rake a Kurni, shi ma don sun yi kiciɓis ne a layin karɓar magani, kowa ya sunkuyar da kai. Tare suka fara shan ƙwayoyin. Sati uku kacal wuyan Illa ya cika da kaluluwa, zazzaɓi ya kwantar da shi, murya ta dishe. Sallau ya zo dubiya, shi ma jikinsa da ɗan zafi.

"Maganin nan ne, Sallau," in ji Illa. "Da ƙafata na tafi likita, yau ga ni kwance. Ni na bari, kai ma ka bari."

Sallau bai yi musu ba. Wa ke musu da Illa?

Wata biyar bayan haka tari ya kama Illa, har ɗiyarsa Fati ta kai shi gidan likita ba da sonsa ba. Majo Yunus, babban malamin jinya, ya ji labarin kumburin, ya ja kujera ya zauna kusa da shi.

"Baba Illa, jikin mutum ma yana da masu shela irinka, sitokin ake ce musu. In ciwo ya shigo, su ke kai kira ga sojojin jini. To ita sida cikin sojojin take ɓuya. Duk sojan da ya amsa kira ya farka, ita ma ta farka ta hayayyafa cikinsa. Yawanta kuma shi ke ƙara shelar, har sojojin su ƙare."

"To kumburin fa, Majo?"

"Magani ne ya danne ta, sojojinka suka farfaɗo. Suka ji kiran da aka daɗe ana yi ba mai amsawa, suka tarar da tarin fuka ya ɓuya a wuyanka, suka ruga gaba ɗaya. Taron nan ka gani. Da ka dawo mana, da mun lallashe shi kana ci gaba da sha."

Illa ya san wannan sarai, don ya sha ganin yadda lungu ke cushewa in kowa ya amsa kira lokaci guda. Ashe alamar samun sauƙi ce ya gudu daga gare ta. Sai ya tuna da Sallau. A sana'arsu, mai shelar da ya faɗi ba daidai ba, da ƙafarsa yake komawa duk inda ya faɗa ya warware. Shi wuri guda ya faɗa, ga mutum guda, kuma wata biyar ke nan.

Washegari da safe ya hau kabu-kabu zuwa Kurni, Fati na roƙonsa ya bari ya ji ƙarfi tukuna. Ya tarar da Sallau kwance a zaure, ya rame ya zama kamar karan dawa, raken gonarsa ya bushe ba mai ban ruwa.

"Sallau, na zo warware magana. Ba maganin ba ne. Ni ne ban gane ba."

Sallau ya ɗago kai. "Ai ko da jiki ya yi tsanani na so in koma," ya ce a hankali. "Sai na ce Illa bai taɓa faɗin ba daidai ba."

A ranar aka kawo shi gidan likita a Matameye. An yi iyakar ƙoƙari, amma jikin ya riga ya yi nisa. Kwana tara ya yi kafin ya rasu, mafi yawansu ba ya gane mutane, kuma Illa bai samu wata magana daga bakinsa ba.

Dangin Sallau, da ba su san komai ba, suka ce ba wanda ya dace ya sanar da rasuwar sai amininsa. Illa ya fita da ragowar muryarsa, lungu-lungu, yana faɗin sunan Sallau da lokacin jana'iza, yana roƙon duk wanda mamacin ya yi wa laifi ya yafe masa. Ta kowace ƙofa ana amsawa, "Mun yafe, Allah ya jiƙan shi." Shi kuwa mutum guda yake son jin wannan kalma daga bakinsa, kuma a daidai lokacin ana yi wa mutumin wankan gawa.