Tsohuwar da Muka Tsamo Daga Gulbi a Lolo

Shekarun baya can, a daidai lokacin da ake ta shagalin samun 'yancin kai, ina saurayi a Lolo, wani malamin asibiti ya zo daga Bagudo ya tara samari ya ce yana neman 'yan agaji. Aikin sa kai ne, don Allah. Ni dai in faɗi gaskiya, kakin da usur ɗin da ake ba 'yan agaji ne suka ja ni. Abokina kuwa ɗan Sarkawa ne, a ruwa ya tashi, irinsa ake nema. Aka koya mana tsayar da jini, da ɗaure karaya kafin a kai ga maɗori, da yadda ake kifa wanda ya sha ruwa a danna bayansa. Gadonmu na ɗaukar majinyaci sanda biyu ne da bargo.

Mahaifiyata dariya abin yake ba ta. Duk ranar da na sa kaki sai ta ce, "Ga likita nan ya fito. Kai da ko yankan kaza ba ka iya kallo." Kuma ba ƙarya ta yi mini ba.

Wata ranar kasuwa da damina, gulbi ya cika ya batse, wani kwale-kwale da ya taso daga ƙauyukan Dahome ya kife kafin ya iso gaɓa. Sarkawa suka faɗa ruwa, mu kuma muna bakin gaɓa muna karɓar waɗanda aka fiddo. Kafin la'asar 'yan'uwansu sun kwashe su a wasu jirage sun koma gida, suna kukan waɗanda ba a gani ba. Kasuwa ta watse.

Abokina ne ya ƙi haƙura. Ya ɗauki ƙaramin jirgin mahaifinsa, ya ce in shiga, muka bi ruwa ƙasa. Can cikin ciyawar bakin gulbi muka hango wata tsohuwa, ruwa ya kai mata wuya, ta damƙe ciyawar da hannu biyu. Da kyar muka ɓamɓare yatsunta. Tana numfashi sama-sama, ƙafarta ɗaya ta karye. Na ɗaure ƙafar da kara da tsumman rigata, ina ta kawar da kai har abokina ya ce, "In ka suma, kai zan bari nan in ɗauke ta."

Ruwa ya yanke hanyar asibiti, kuma babu wanda ya san ta. Gidanmu ne mafi kusa, can muka kai ta. Ina shirya bayanin da zan yi, sai mahaifiyata ta leƙa bargon ta ce, "Ku shigo da ita ɗakina." Ta canza mata zane, ta hura wuta, ta aika aka kira maɗori. Zazzaɓi ya rufe tsohuwar, ba ta ko buɗe ido. Mahaifiyata tana ɗiga mata kunu da ludayi tana yi mata magana a hankali da Dendi, yaren mutanen tsallaken iyaka, don cikin Dendawa ta girma. Na ce, "Inna, ai ba ta jin ki." Ta ce, "Wa ya gaya maka?"

Sai a safiya ta uku ta yi magana. Ta faɗi sunan ƙauyensu da na ɗanta, ta tambayi surukarta da suka shigo jirgi tare. Mahaifiyata ta fito tsakar gida ta same ni ta ce, "Tashi yanzu ka tafi. Mutanen nan sun ɗauka ta mutu." Har mun fiddo keke ta sake kira na. Wai tsohuwa ta ce a gaya wa ɗanta, kada wanda ya taɓa mata shinkafar iri da ke cikin tulu bayan gadonta.

Muka goyi juna ni da abokina, inda ruwa ya tare hanya mu saɓa keken a kafaɗa. Jandarman iyaka ya dubi kakinmu da ya sha laka, ya ji abin da ke tafe da mu, ya ɗaga mana hannu.

Muna isa ƙofar gidan ɗan tsohuwar muka tarar da tabarmi shimfiɗe, dattawa zaune da carbi, ana sadakar uku. Malaminmu ya koya mana abubuwa da yawa, amma bai koya mana yadda ake tayar da zaman makoki ba. Muka yi sallama, aka matsa mana, muka zauna. Har aka miƙo mana gumba, kuma don ruɗewa na karɓa.

Ɗan nata babban mutum ne, mai furfura a gemu, yana jin Hausa sosai. Na matsa kusa da shi na ce, "Baba, daga Lolo muke. Tsohuwarku tana gidanmu, tana da rai."

Ya dube ni sama da ƙasa. Sannan ya ce, "Samari, ku ji tsoron Allah. Matata da idonta ta ga ruwa ya rufe ta."

Na ce, "Ta ce a gaya maka kada a taɓa mata shinkafar iri da ke cikin tulu bayan gadonta."

Carbin ya faɗi daga hannunsa. Ya ce, "Ita ce." Ya fara dariya, dariyar ta koma kuka, ya rufe fuska da hannun riga. Daga cikin gida muka ji kukan mata ya juye guɗa.

A ranar ya biyo mu. Da ya iso ƙofar ɗakin mahaifiyata ya durƙusa, ya kasa shiga. Tsohuwar ta ɗago kai ta yi masa magana, mahaifiyata ta fassara mini daga baya. Cewa ta yi, "Shigo mana. Dubi yadda ka rame." Sai da ya tabbatar mata surukarta tana lafiya sannan ta yarda ta ci tuwo.

Ta zauna da mu har ƙafar ta ɗinke. Daga nan duk ranar kasuwa ɗakin mahaifiyata ne masaukinta, har Allah ya karɓi abinsa.

Na daɗe a aikin agaji, kuma ba kowa muka tsamo da rai ba. Abin da na koya shi ne, tsamo mutum daga ruwa somin aiki ne. Sauran yana hannun mai zama kusa da shi har ya buɗe ido, da mai zuwa ya gaya wa danginsa.

Da mahaifiyata ta rasu, ina zaune a ƙofar gida ana ta'aziyya, sai ga ɗan tsohuwar yana dogara sanda, shi ma ya tsufa. Ya zauna kusa da ni, ya riƙe hannuna ya ce, "Kai ka taɓa zuwa ka tashe ni daga kan tabarma. Ni ba ni da irin wannan labarin da zan kawo maka. Na zo dai in zauna da kai."

Bai koma gida ba sai da aka naɗe tabarmi.