Ba a Kira Baba Saje Ba

Ina wanke wa Baba farar rigarsa ta zuwa asibiti sai rediyon maƙwabcinmu ya katse waƙar da yake yi, aka sa badujala. Da safe ne, rana ba ta gama hawa katanga ba. Baba na zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinsa yana shan koko. Ya ajiye ludayin, ya karkata kunne.

"Uwata," ya ce. Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. "Wannan kiɗan namu ne."

Can sai wani ya fara magana da Turanci. Ni karatuna bai wuce firamare ba, ban kama komai ba sai kalma ɗai-ɗai. Maƙwabcin ne ya leƙo ta katanga ya ce soja sun karɓi mulki, an rushe majalisu duka, ta tarayya da ta jiha. Na tsaya da riga a hannu, ruwan sabulu na gangaro mini har gwiwar hannu. Abu ɗaya ne ya faɗo mini a rai: jibi za a ba Baba gado a yi masa aikin ido, kuma wanda ya tsaya mana a kan aikin ɗan majalisa ne.

Baba ya yi murmushi. "To sai me? Yaranmu ne suka hau. Ci gaba da wankinki."

Baba ya yi yaƙin Bama yana saurayi, ya bar soja da igiya uku a hannu. Kowa a Unguwar Kanawa Baba Saje yake ce masa. Layinmu rabinsa tsofaffin sojoji ne, mutanen da aka sallama a Kaduna ba su koma garuruwansu ba, wasu suka kama gadi, wasu tuƙi, wasu suka kasa goro a bakin titi. Na dawo gidansa bayan rasuwar mijina, na tarar yanar ido ta fara rufe masa gani. Da farko yana ganin mutum kamar ta bayan labule. Daga baya sai inuwa kawai, ya kan gane mai shigowa ta muryarsa ko ta jan takalminsa.

Ɗan majalisarmu na jiha, kafin siyasa, dillalin albasa ne a Kawo. Da ya shiga majalisa abin da ya fara nacewa a kai shi ne a gina wa manoma rumfuna kusa da tasha, don da can a ƙasa suke zube kaya, rana ta dafa tumatir, ruwa ya ruɓar da albasa, dillalai su saya yadda suka ga dama. Aka gina. Da aka zo neman masu gadin rumfunan sai ya ce a ɗauki tsofaffin sojojin layinmu, Baba ya zama shugabansu. A nan ne ya lura cewa yawancin masu gadin nasa ba sa gani sosai. Wata rana ya miƙa wa ɗaya hannu, tsohon ya kama iska.

Mutane sun ce don ƙuri'a yake yi. Wataƙila. Ni dai abin da na sani, ya kai maganar majalisa, ya yi ta maimaita ta har aka amince gwamnati ta ɗauki nauyin aikin idon tsofaffin sojojin mazaɓarsa. Sai dai likitan ɗaya ne, ga jama'a, ba zai iya karɓar su gaba ɗaya ba. Kaɗan-kaɗan za a riƙa kai su, wata bayan wata.

Ni na riƙe sandar Baba ranar da suka je zauren ɗan majalisar a tsara wanda zai fara. Sun sa lambobinsu a ƙirji. Aka shimfiɗa musu tabarmi, kowa ya zauna ban da Baba.

"Baba Saje, zauna mana," in ji ɗan majalisar. "Kai za a fara kaiwa. Naka ya fi na kowa."

"Ranka ya daɗe, ba a haka."

"Ba a yaya?"

"A daji in aka kawo abinci, sai na ga kowa da kwanonsa kafin in zuba nawa. In magani ne ma haka. Ban taɓa shiga gaban yarana ba, ba kuma yau zan fara ba."

Akwai amininsa, wani Bazazzagi mai igiya biyu da muke kira Baba Kofur. Shi kaɗai ke iya gaya wa Baba magana. Ya ce, "Waɗanne yara? Ni na girme ka fa, Bakano! Ka je a buɗe maka ido ko ka daina gaishe da turken wuta."

Aka yi dariya, har Baba. Amma bai zauna ba sai da ɗan majalisar ya ce to, ya ji. Shi da kansa Baba ya tsara su, ya fara da masu ƙananan 'ya'ya, sannan masu tuƙi, ya sa kansa a ƙarshe.

Motar kasuwa ce ke kai su, wata a-kori-kura da ke dakon albasa. Baba Kofur ya kan ce tun kafin likita ya taɓa su sun gama hawayensu a hanya. Baba yana bin kowace tafiya, ni ina biye da shi. Ya tsaya a barandar asibiti har a shiga da mutum, in an fito da shi da bandeji ya lalubi hannunsa ya ce, "Sannu, soja." Ranar da aka kwance wa Baba Kofur ido, ya daɗe yana kallon Baba, sannan ya ce, "Ashe haka ka tsufa? Da na sani da na bar yanar."

A ɗaya daga cikin tafiye-tafiyen nan likitan ya ja Baba gefe ya haska masa ido. Ya ce da ni yanar idon hagun ta nuna har tana neman wucewa, irin wannan ba a barin ta. Ya ce in Baba ya yarda, zai sa shi a sahun gaba. Na gaya masa a hanya, na sake gaya masa a gida. Na ce, "Baba, don Allah. Ba wanda zai ce komai."

Ya ce, "Ni zan ce."

Na je wurin ɗan majalisar ni kaɗai. Ya saurare ni, ya ce, "Ƙanwata, na yi masa magana har na gaji. In na tilasta shi zai ce na cire masa igiya a gaban mutanensa. Saura kaɗan, ki yi haƙuri." A lokacin kowa gani yake akwai lokaci. Ba a daɗe da sake zaɓen ɗan majalisar ba.

Akwai kuma wani abin da ya shirya musu. Ya samo izini a sa wa layinmu sunan tsofaffin sojoji, a yi taro a filin makarantar firamare, su yi fareti a gaban jama'a, a karanta inda kowa ya yi yaƙi. Ya ce ba za a yi ba sai an gama da idon kowa, don kowa ya ga allon sunan layin da idonsa. Har ma'aikata sun zo sun kafa ƙarfen da za a ɗaura allon a bakin layi, suka zuba siminti. Da la'asar Baba kan fitar da mutanensa bayan masallaci yana ba su hagu-dama. Ba ya ganinsu, amma da kunne yake gane wanda ƙafarsa ta saɓa, ya kira shi ya ce ya gyara.

Aka yi wa na kusa da ƙarshe, layi ya zo kan Baba. Muka je aka auna jininsa, wata nas ta sa ɗan almakashi ta datse masa gashin idon hagu, kamar yadda ake yi wa kowa kafin aiki. Ta ce mu dawo da tabarma da kwano da farar riga. Rigar ke nan da nake wankewa.

Ranar da aka ce mu koma, motar albasa ba ta zo ba. Muka tari tasi. Nas ɗin ta gane mu, ta sunkuyar da kai ta shiga ciki. Likitan ya fito da kansa. Ya ce tsarin da ake yi wa su Baba aiki a ƙarƙashinsa na majalisa ne, yanzu kuwa babu majalisa, an ce a dakatar da duk irinsa sai sabuwar gwamnati ta duba. Ya ce abin ya fi ƙarfinsa. Na ga alamar gaskiya yake faɗa.

Daga nan muka wuce gidan ɗan majalisar. Zauren a rufe. Wani mai shayi a gefen gidan ya ce an zo an tafi da shi tare da sauran 'yan siyasa, za a bincike su. Ba wanda ya san ina.

Baba bai karaya ba. Washegari ya sa lambobinsa ya ce in kai shi ƙofar bariki. Yaron da ke gadi ya ga ƙirjinsa, ya buga ƙafa ya sara masa. Baba ya miƙe ƙyam, na ji sandar ta yi sauƙi a hannuna. Aka kira wani hafsa matashi, ya fito ya saurari Baba da ladabi har ya gama. Sannan ya ce, "Baba, mun ji. Ka koma gida, za a neme ka."

Ni na san irin maganar da ake sallamar tsoho da ita. Baba kuwa oda ya ji.

Ba a jima ba aka sallami masu gadin rumfuna, aka kawo wasu. Waɗanda aka buɗe wa ido suka taru a ƙofar gidanmu, Baba Kofur a gaba, suka ce za su haɗa hannu a kai Baba asibiti a Kano a yi masa aikin.

"An ce in jira," in ji Baba. "In suka aiko ba su same ni ba fa?"

"Wa zai aiko, Saje? Yaron nan ko sunanka bai tambaya ba."

"Ya ga lambobina."

"Lambobinka ne za su ja maka sanda?"

"Kofur, hafsa ya yi magana. Kuma ni ban taɓa cin na yarana ba."

Baba Kofur ya tashi ya kaɗe rigarsa. Ya kai bakin ƙofa ya juyo kamar zai yi zagi, sai na ga idon nan da aka gyara masa ya cika da ruwa. Ya fita.

Kullum da safe Baba ya yi wanka, ya sa farar rigar, ya zauna a zaure. In mota ta tsaya a layi sai ya ce in duba. Ni ke wanke masa fuska, don haka ni na ga gashin idon yana tsirowa, da farko kamar ƙaiƙayi, har ya dawo daidai da na dama. Ban gaya masa ba.

Da damina idon hagun ya fara ciwo, ya yi ja, kansa na sarawa har ya kasa cin abinci. Wannan karon ba mu tambaye shi ba. Ni da Baba Kofur muka sa shi a tasi. Likitan ya kunna 'yar fitilarsa ya kai ta dab da idon.

"Baba, kana ganin haske?"

"Kunna tukuna, likita."

Likitan ya kashe fitilar ya sa a aljihu. A waje ya ce mini jijiyar hagun ta mutu, ba abin da wuƙa za ta yi mata. Idon daman ana iya gwadawa, amma jinin Baba ya hau sosai, sai ya sauka. Muka karɓi magani. Muka yi ta komawa ana aunawa. Bai taɓa sauka yadda likitan ke so ba.

An daɗe kafin a saki ɗan majalisar. Da ya fito ya zo gaishe mu, a ƙafa, ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Da Baba ya ji muryarsa a zaure sai ya dafa bango ya miƙe, ya sara. Bango ya fuskanta. Baba Kofur, da ke zaune tare da shi, ya kama kafaɗunsa a hankali ya juya shi.

"Ranka ya daɗe," in ji Baba, "duk an yi musu. Saura ni."

Ɗan majalisar ya matso. Ya durƙusa ya riƙe hannun Baba, ya ce, "Na sani, Baba Saje. Na sani." Ya ce allon layin yana gidansa, an rubuta shi tun kafin a tafi da shi, yana jingine a bayan ƙofa. Ya ce in siyasa ta dawo, da idon Baba zai fara. Ya kai mu wurin wani likitan da kansa, shi ma maganar jinin ya yi. Da siyasar ta dawo kuma, aka ce irinsu na da ba za su tsaya ba. Ya koma Kawo kan buhunan albasa. Ya kan aiko mana da ita a kwando.

Baba ya rasu da rana, bayan azahar, a zaure, sanye da farar rigar. Mutanensa da suka rage su suka ɗauke shi. Na ji daga cikin gida ƙafafunsu na tafiya daidai, ba wanda ya ba su hagu-dama.

Har yanzu na kan koma kan ranar da likita ya ce zai sa shi a sahun gaba. Na juya ta ta kowane gefe, ban ga abin da zan faɗa masa da zai sa ya shiga gaban mutanensa ba.

Ƙarfen yana nan a bakin layi, masu awaki na ɗaure dabba a jikinsa. Ba a ɗaura allon ba, ba a yi faretin ba, kuma daga bariki ba a aiko neman Baba ba.