Sa Hannun da Bai Yi Aiki Ba

Shekarun baya, a wani lokacin zafi bayan Hajji, aka kori 'yata ta fari daga aiki. Lokacin bukukuwan aure ne, gumi ba ya barin mutum ko a inuwa, kuma shekarar duk ta zo mana a takure a unguwarmu ta Hindawiyya.

Lalle take yi a shagon gyaran amare na wata shahararriyar mawaƙiyar biki, wadda ita ce kuma kafilinta, wato mai tsaya mata a zaman ƙasar. Amare na son hannunta, amma duk ranar da masu hoto za su zo, sai a tura ta ɗakin baya. Ran nan ta tambayi dalili. Mawaƙiyar ta ce a gaban kowa, baƙar fata ba ta kyau da hoton shagonta, in ba ta so ga ƙofa nan. Yarinyar ta kai ƙara ofishin ma'aikata.

Ni tsoro ya kama ni. Iƙamarta, wato takardar izinin zama, na hannun matar, in ta ga dama sai a mayar da ita garinmu Maraɗi, garin da ba ta taɓa gani ba, don a nan Jidda na haife ta. Sai na yi abin da na san ana yi a gida, babba ya je ya ba da haƙuri a madadin yaro. Na sayi turare, na tafi ban gaya mata ba.

Wakilin mawaƙiyar ya karɓe ni da shayi. Ya ce, "Halas, ya Hajiya, sulhu alheri ne." Ya miƙo takarda. Bokon da na koya a ajin yaƙi da jahilci ba ya karanta Larabcin ofis, amma na iya rubuta sunana, kuma ina alfahari da hakan. Na zana shi a hankali, har da gyara zaman tabarau.

Da 'yata ta karanta kwafin da aka ba ni, sai ta zauna a ƙasa.

"Umma, kin san abin da kika sa wa hannu? Na janye ƙara, kuma na yarda in bar ƙasar."

Na ce, "Ai shayi ya ba ni."

"Shayi, Umma?"

Kwana tara ban iya haɗa ido da ita ba.

Ranar zaman sulhu wakilin ya ajiye takardar. Jami'in, wani dattijo mai furfura, ya duba ya tambaya wane ne ya sa hannu. Na ɗaga yatsa. Ya tambaye ni sunan mai ƙara. Kun san ba ma kiran sunan 'yar fari, sai na nuna ta da haɓa, har ya yi murmushi. Ya tambaya ko ta ba ni wakilci a rubuce, na ce a'a, haihuwarta dai na yi.

Ya ce, "Ya Hajiya, a gida ke ce babba. A nan ita aka yi wa, ita ce mai magana." Ya ture takardar gefe.

Sai yarinyar ta yi magana, da Larabcin da ban san tana da shi ba, muryarta ko rawa ba ta yi. Abokan aikinta biyu sun ba da shaida. Kafin azahar aka rubuta sabon sulhu, mawaƙiyar ta sake ta ta koma hannun wani kafili. Haƙuri kam ba ta bayar ba, kuma ban sa rai ba.

Har yau ina gode wa Allah da ya sa hannuna bai yi aiki ba a ranar. Ina kuma yi wa dattijon nan addu'a duk da ban san sunansa ba. Na gane haƙurina nawa ne, ba ni da ikon bayar da na wani, ko da ni na haife shi.

Washegari ta ce in raka ta wani shago a unguwar Kurayyat da ke neman mai lalle. Da muka isa ta ce, "Yalla, Umma, mu shiga." Na ce ta shiga, ni zan jira a nan. Na sami inuwa na zauna.