Malam Halliru, Mai Fassara Wutsiyar Kunama

Duk ranar kasuwar Rogo, kafin 'yan acaɓa su gama sauke buhuna, Malam Halliru malamin gona ya riga ya kafa bencinsa kusa da rumfunan masu maganin feshi, da allo da guntun alli. Ba ya sayar da komai. Dogayen kalmomin Turanci huɗu yake koyarwa: insecticide, herbicide, fungicide, rodenticide.

Ɗalibansa manoma ne, yawancinsu ba su yi boko ba, kuma bai taɓa matsa musu su furta ba. Sai ya rufe rabin kalma da tafin hannu ya ce, "Ku dubi ƙarshen. Haruffan nan, c-i-d-e, duk iri ɗaya ne. Wutsiyar kunama ke nan, ma'anarta kisa. Kan kalmar ne ke faɗin wanda za a kashe." Na farko ƙwari, na biyu ciyawa, sai funfuna, sai ɓera. Harafin farko ma ya raɗa masa suna: H tsani, I taɓarya.

Da daminar bana aka ga aiki! Ƙwari suka sauka a gonar gyaɗar ɗalibinsa Sulle a Kurugu, gonar da gidansa ke ci shekara guda. Ya aika aka sayo magani, ya haɗa a famfon feshi, har ya goya, sai idonsa ya faɗa kan kwalbar. Ya ciro waya.

"Malam, barka da hantsi, ya iyali? Wutsiyar na nan, amma tsani nake gani a kai."

"Tsani? Sulle, ka fesa?"

"Ko ɗigo."

"To sauke! Na ciyawa ne, zai ƙone maka gyaɗar tas."

"Wanda na aika ya ce mai shago ya ce duk magani ne."

"Na ɓera ma magani ne, sha mana! Wanke famfon da sabulu, ga ni nan da taɓarya."

"Ta dukana?"

"Ta kwalba, kai!"

Ya kuwa zo, babur duk taɓo, da maganin ƙwari ɗaure a baya. Gyaɗa ta tsira. Lauratu matar Sulle yanzu haka tana suyar ƙuli-ƙulinta.

Malam Halliru, a watan nan kake ritaya. Kai ne ka ɗauki Turancin da ke tsorata mutane, ka fasa shi kamar kwanson gyaɗa, ka miƙa wa kowa ƙwayarsa. Kai ne ka sa manomi ya tsaya ya duba kafin ya danna famfo. Daga Jajaye har Kurugu, mun gode. Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara lafiya.

Kai kuma da ke karanta wannan, ka iya boko ke nan. Akwai kwalba a zauren maƙwabcinka. Je ka karanta masa kafin ya nufi gona.