Hoton Baɗi

Ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a Bagudo lokacin da na kamu da ciwon kallon duniyar Mas, jar duniyar nan da ke sararin samaniya. Wani kumbo ne ke zagaya ta yana ɗaukar hoton wuri ɗaya shekara bayan shekara. Masana sai su jera hotunan su ga inda tudun rairayi ya matsa, da inda gangare ya zabtare. Abin ya shiga raina, har matata ta ce da can aka tura ni aiki da kowa ya huta.

Da a can na tsaya da ya fi mini. Amma karambani ya sa na nemo irin waɗannan hotunan na gonar shinkafar mahaifina, wadda ke bakin gulbi ta wajen Lolo. Ita kaɗai ya mallaka, kuma ita ke ciyar da gidanmu tun kafin a haife ni. Kowace damina ruwa kan gutsiri bakinta, shi kuwa ya ce gulbi aro yake yi, abin da ya ɗauka bana zai ajiye maka wata shekara. Haka ubansa ya gaya masa.

Na jera hotunan a waya. A na farko giginya uku ne a gefen gonar. A na tsakiya biyu. A na ƙarshe ɗaya, ita ma ruwa ya kusa kewaye ta. Na duba sama da ƙasa ban ga inda gulbi ya biya ko taki ɗaya ba. Abin ya dame ni, amma har da ɗan alfahari a ciki, na mai boko da ya kama tsoho da kuskure. Ina jin kunyar wannan har yau.

Ranar kasuwar Lolo na sami Baba a zaure yana gyaran lauje. Don ya gane dabarar, na fara nuna masa hoton wani busasshen kwari na Mas. Ya ƙura wa busasshen kwarin ido.

"Wanga ai gulbinmu na da rani," in ji shi.

"A'a Baba, wata duniya ce. Ana jin ruwa ya taɓa bi ta nan, ya ƙafe."

"Su wa ka noma nan?"

"Ba kowa."

Sai na buɗe na gonarsa. Ban yi bayani ba, giginyun ya gane. Ya sa babban yatsa yana turawa da kansa, shekara na bin shekara, kore na tsukewa. Da ya kai na ƙarshe ya ci gaba da turawa, hoton ya ƙi motsi.

"Gwada min na baɗi."

Na ce babu na baɗi, sai abin ya faru ake ɗauka. Ya dube ni yadda yake dubana ina yaro idan na yi ƙarya.

"Akwai shi. Kai dai ba ka so in gani."

Na rantse masa, bai saurare ni ba. Ya miƙo mini wayar ya ci gaba da wasa laujen. Da damina ta faɗi ƙanena ya aiko mini cewa Baba ya hana a taɓa irin shinkafar da aka ajiye don shuka. Bayan sati biyu Baba ya ce a sussuka a dafa, ba zai shuka ba.